Sharhi a kan Faɗuwar Manhajar Imel Saboda Firintar Ofis

Daga cikin matsalolin da suke addabar ma'aikatan ofis a wannan zamani, waɗanda galibi ake ɗora alhakinsu a kan wanda bai ji ba bai gani ba, akwai wata da ta cancanci a zauna a yi mata bayani a tsanake, domin tana cin lokaci mai yawa, tana haddasa ɓacin rai tsakanin akawu da mai gyara, wani lokaci har takan zama sanadin salwantar wasiƙun shekara da shekaru. Siffarta kuwa ita ce, ma'aikaci ya buɗe manhajarsa ta imel, alal misali Outlook ta kamfanin Microsoft, ya karanta wasiƙarsa lafiya lau, amma da zarar ya nufi buga ta a takarda, ko ya danna zai mayar da amsa, sai fuskar manhajar ta dushe ta yi fari-fari, kibiyar linzami ta koma zobe tana ta juyawa, ya danna nan ya danna can babu motsi. Ko kuma, abin da ya fi wannan ciwo, tagar ta ɓace ɗungurungum tare da rabin wasiƙar da ya ɓata sa'a guda yana tsarawa. Abin da kowa zai faɗa a take shi ne imel ya lalace. Daga nan sai a cire manhajar a sāke saka ta, a goge asusun a buɗe sabo, a taɓa fayil ɗin da wasiƙu suke ciki, alhali mai laifin yana can ƙarshen baranda, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, wato firintar da dukan ofis suke tarayya a kanta.

Mai hankali zai tambaya, ina ruwan wasiƙar da ke tafiya ta intanet da na'urar buga takarda? Amsar tana da asali mai nisa, kuma saninsa yana da fa'ida ga mai bincike. A cibiyar nazari da kamfanin Xerox ya kafa a Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1970, a can ne Gary Starkweather ya kyautata firinta mai aiki da hasken leza, a can ne kuma Robert Metcalfe ya rubuta bayanin Ethernet a 1973, wato tsarin wayar da har yau take haɗa kwamfutocin ofis, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan ƙirƙiro shi shi ne a sami hanyar da kwamfutoci masu yawa za su aika aiki zuwa ga firinta guda mai sauri. A wannan cibiya ce kuma Butler Lampson da Charles Simonyi suka gina manhajar rubutu mai suna Bravo a 1974, bisa ƙa'idar cewa abin da marubuci ya gani a fuskar kwamfuta shi ne zai fito a takarda. Simonyi ya koma Microsoft a 1981, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa aka fitar da Word a 1983 da wannan aƙida. To, manhajar da ta ɗauki alkawarin nuna wa mutum takardarsa tun kafin a buga ta, wajibi ne ta san girman takardar da firinta take ɗauka, da iyakar gefen da ba ta iya kaiwa, da aljihunan takarda da take da su, kuma babu wanda zai ba ta wannan labari sai firintar da aka zaɓa ta zama ta dindindin a kwamfutar. A Outlook ta 2007 da waɗanda suka biyo ta a kan tsarinta, injin Word ne yake nuna wasiƙa, shi ne kuma ake rubuta ta a cikinsa, saboda haka manhajar imel ta gāji wannan ɗabi'a ta tuntuɓar firinta, har a wasu lokutan da mai aiki bai yi niyyar buga komai ba.

Farkon abin da ya wajaba a kan mai gyara shi ne ya rarrabe tsakanin illoli biyu da mutane suke kira da suna ɗaya, domin sababinsu daban ne, maganinsu ma daban. Ta farko ita ce daskarewa, ta biyu ita ce faɗuwa.

Daskarewa jira ne kawai. Manhajar ta aika tambaya ga firintar da ke kan hanyar sadarwa ta ofis, firintar kuwa a kashe take, ko an zare mata waya, ko ta sauya adireshi, ko kuma babbar kwamfutar da take rarraba aikin bugu ba ta tashi ba. Sai manhajar ta tsaya tana sauraron amsa har wa'adin da aka ɗiba mata ya cika, kuma a tsawon wannan wa'adi ba ta sauraron linzami ko madannai. Alamarta ita ce idan mutum ya yi haƙuri ya ɗauke hannunsa, sau da yawa takan farfaɗo da kanta. Wannan illa tana yawaita a wuraren da wutar lantarki take yawan ɗaukewa, kuma dalilin a bayyane yake ga wanda ya lura: na'urar da take rarraba intanet a ofis ita ce take ba kowace na'ura lambar adireshi ta aro, kuma idan wuta ta ɗauke aka tayar da janareto, komai ya sāke kunnuwa, tana iya ba firinta wata lamba dabam da ta jiya, alhali kwamfutocin ma'aikata suna ci gaba da neman ta a tsohuwar lamba. Haka nan ma'aikacin da ya tafi gida da kwamfutarsa ta hannu, ya buɗe wasiƙunsa da dare, firintarsa ta dindindin tana can ofis a kulle, shi ma yakan gamu da wannan jira, ya ɗauka intanet ɗin gidansa ne ba shi da ƙarfi.

Faɗuwa ita ce mas'alar da ta fi zurfi, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Kusan kowace firinta tana zuwa da wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda kamfanin da ya ƙera na'urar yake rubutawa, aikinta shi ne ta mayar da shafin da ke fuskar kwamfuta zuwa harshen da na'urar take ji, kamar PCL na kamfanin HP ko PostScript na kamfanin Adobe, waɗanda duka biyu suka fito tun a 1984, ta kuma nuna 'yar tagar nan da ake zaɓar launi da yawan kofe da bugun gaba da baya. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, a tsohon tsarin direbobin Windows, wanda har yanzu dubban firintoci suke aiki da shi, ana ɗauko wani sashe na direban ne a shigar da shi cikin ma'ajiyar manhajar da ta nemi bugu, ya yi aiki a cikinta da izininta. Misalinsa kamar baƙon da aka sauke a tsakar gida ne maimakon zaure: idan ya tuntsurar da fitila, gidan mai masauki ne zai kama wuta, kuma maƙwabta sunan mai gida za su ambata. Da zarar direba ya taɓa wani wuri a ma'ajiya da ba shi da haƙƙin taɓawa, Windows ba za ta tsaya tantance wa ya yi ba, za ta rufe manhajar baki ɗaya, kuma sunan da zai bayyana a idon ma'aikaci shi ne Outlook. Akwai kuma wani lungu da yakan rikita ko da gogaggen mai gyara: idan Office ɗin da aka saka mai bit 32 ne a kan Windows mai bit 64, to direban ba ya shiga cikin manhajar kai tsaye, wani ɗan tsakani mai suna splwow64.exe ne yake ɗauke da shi, kuma idan wannan ya maƙale, sai illar ta fito da kamannin daskarewa alhali asalinta lalacewar direba ce.

Tun da zato ba ya wadatarwa a wurin da ake iya samun yaƙini, wajibi ne a nemi shaida kafin a yanke hukunci, kuma Windows tana ajiye shaidar a rubuce ga wanda ya san inda zai duba. A cikin kundin da ake kira Event Viewer, a sashen da ya shafi manhajoji, duk faɗuwa tana barin rubutu mai lamba 1000, daskarewar da ta kai ga rufe manhaja kuwa tana barin mai lamba 1002. Idan mai gyara ya buɗe rubutu mai lamba 1000 da ya dace da sa'ar da abin ya faru, zai ga layi na farko ya ambaci manhajar da ta faɗi, OUTLOOK.EXE, na biyu kuma ya ambaci sashen da faɗuwar ta auku a cikinsa, sa'an nan ga wata lamba ta nau'in laifin, wadda sau da yawa takan zama 0xc0000005, ma'anarta an taɓa ma'ajiya ba bisa izini ba. Layi na biyun nan shi ne abin nema. Idan fayil ɗin da aka ambata yana zaune a ƙarƙashin jakar spool, cikin drivers, a cikin System32, to magana ta ƙare, direban firinta ne. Abin yana ba ni takaici ƙwarai in ga an kwana biyu ana wahalar da akwatin wasiƙun bawan Allah, alhali wannan dubawa ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Shaida ta biyu ta fi ta farko sauƙi, har ma'aikacin da bai san komai game da gyara ba yana iya yin ta. Tun daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, kowace kwamfuta tana zuwa da wata firinta ta cikin gida mai suna Microsoft Print to PDF, wadda ba ta da waya ba ta da tawada, fayil kawai take fitarwa. A rufe Outlook, a mai da wannan ta zama firinta ta dindindin, a sāke buɗewa, a maimaita ainihin abin da yake kayar da manhajar. Idan illar ta gushe, an tabbatar da cewa tana tsakanin firintar ofis da direbanta da hanyar da ake bi a kai gare ta. Idan ba ta gushe ba, an wanke firinta, sai a juya ga imel da hujja. Daga nan a gwada buga shafi daga Word da kuma Notepad, a kuma tambayi na kusa ko su ma abin yana samunsu, domin illar da ta kama kwamfuta ɗaya hukuncinta dabam ne da wadda ta kama ofis duka a safiya guda. Ta biyun tana nuni ga abin da suka yi tarayya a kansa: babbar kwamfutar bugu, ko sabon direba da aka tura wa kowa, ko sabuntawar da ta sauko da dare. Sharaɗin da ba a sassauta shi a duk wannan bincike shi ne a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin wanda ya sauya uku a lokaci guda, ko da an dace abin ya gyaru, bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da ta dawo zai fara daga farko.

Idan shaida ta nuna jira ne, maganin yana wajen hanya. A ba firinta lambar adireshi tabbatacciya wadda ba ta sauyawa, ko a keɓe mata lamba a na'urar rarrabawa, sa'an nan a haɗa kwamfutoci da ita ta wannan lamba. Galibin firintocin ofis suna karɓar aiki ta ƙofa mai lamba 9100. A cikin saitin wannan haɗi akwai wani ɗan akwati na SNMP da Windows take tambayar lafiyar firinta da shi, kuma idan na'urar ba ta amsa irin wannan tambaya, sai a nuna ta a matsayin wadda ba ta nan alhali tana kunne. Cire alamar akwatin yakan warware wannan. A share firintocin da suka daɗe da barin ofis amma sunayensu suna nan a jeri. A kuma lura da wani zaɓi da Microsoft ta shigar a Windows 10 a watan Nuwamba na 2015, wanda yake barin Windows ta riƙa mai da firintar da aka yi amfani da ita a ƙarshe ta zama ta dindindin. A ra'ayina kashe shi ya fi alheri a ofis, domin yakan sa illa ta zo yau ta ɓace gobe ba tare da kowa ya san ya taɓa wani abu ba.

Idan kuwa direba ne, to a sani cewa share hoton firinta daga jeri ba ya fitar da direbanta daga kwamfuta, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a share, a sāke haɗawa, Windows ta ɗauko gurɓataccen direban nan da ke ajiye ta mayar da shi. Sai an shiga saitin sabar bugu, wanda umarnin printui /s /t2 yake buɗewa, an cire direban tare da ƙunshinsa, sa'an nan a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ba daga faifan da ya zo a kwali shekaru da suka wuce ba. In direban PCL ya ƙi, a gwada na PostScript idan na'urar tana jin sa. Wani lokaci kuma wata takarda ce ta maƙale a layin jira ta tare hanya. Sai a tsayar da hidimar bugu ta Windows, wato Print Spooler, a kwashe abin da ke cikin jakar PRINTERS da ke ƙarƙashin spool, a sāke tayar da hidimar.

Adalci ya wajabta a ambaci inda laifin yake ga manhajar imel ɗin kanta. Outlook tana ajiye salon bugunta a wani ƙaramin fayil mai suna OutlPrnt, a jakar saitin mai amfani, kuma idan ya gurɓace takan faɗi duk lokacin da aka buɗe shafin bugu, ko da wace firinta aka zaɓa. A rufe manhajar, a sauya wa fayil ɗin suna, za ta ƙirƙiri sabo da kanta. Ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, irin na PDF da na rigakafin ƙwayar cuta, su ma sukan kayar da ita, kuma buɗe ta da umarnin outlook /safe, wanda yake tayar da ita ba tare da su ba, yana bayyana hakan. Thunderbird ta Mozilla ita ma tana tuna firintar da aka yi aiki da ita a cikin saitinta, kuma mayar da wannan saiti yadda ya zo yakan wadatar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar a taɓa fayil ɗin wasiƙu, kuma duk mai gyaran da zai kusance shi, amana ce a wuyansa ya fara kwafe shi zuwa wani wuri.

Akwai kuma lokacin da babu laifin kowa a cikin ofis. A ranar 9 ga Maris 2021 Microsoft ta fitar da sabuntawa mai lamba KB5000802 ga Windows 10, kuma bayan saukarta kwamfutoci da yawa a faɗin duniya suka riƙa mutuwa gaba ɗaya, da shuɗin allo mai ɗauke da saƙon APC_INDEX_MISMATCH, da zarar an aika bugu ga wasu firintoci, musamman na Kyocera da wasu irinsu masu tsohon tsarin direba. Ma'aikacin da wannan ya same shi yana tsakiyar buga wasiƙa ba shi da dalilin da zai hana shi zargin imel. Kamfanin ya fitar da gyara na gaggawa a ranar 15 ga watan. Bayan 'yan watanni, a ƙarshen Yuni na wannan shekara, aka fallasa wata kafa a hidimar Print Spooler wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wadda ɓarayin intanet za su iya bi su mallake kwamfuta; toshe ta ya sa daga watan Agusta aka hana ma'aikaci na gama-gari saka direba daga babbar kwamfutar bugu sai da izinin mai kula da tsari, kuma ofisoshi da yawa suka wayi gari bugu ya tsaya musu. Darasin da wasu suka ɗauka daga wannan shi ne su kashe sabuntawa baki ɗaya, kuma ina ganin wannan kuskure ne mai hatsari, domin an sayi sauƙin bugu da tsaron dukan wasiƙun ofis. Abin da ya dace shi ne a duba tarihin sabuntawa a gwama ranarsa da ranar da illar ta fara, a cire wadda ake tuhuma ita kaɗai idan ta tabbata, a kuma mayar da ita da zarar gyaranta ya fito.

Microsoft da kanta ta daɗe da sanin cewa shigar da direban wani kamfani cikin manhajojinta shi ne tushen wannan fitina, kuma ta yi ta rage ta mataki mataki. A Windows 7 da Windows Server 2008 R2 ta kawo hanyar killace direba, yadda zai yi aiki a wani keɓantaccen wuri dabam da hidimar bugu, in ya faɗi ya faɗi shi kaɗai. Mai kula da babbar kwamfutar bugu yana iya kunna wannan ga duk direban da yake shakka. A Windows 8 ta kawo sabon tsarin direba na huɗu, mai ƙarancin katsalandan. A watan Satumba na 2023 ta sanar da cewa za ta daina rarraba sabbin direbobin kamfanoni ta hanyar sabuntawar Windows sannu a hankali, ta koma ga direba guda nata mai magana da firintoci ta ƙa'idar IPP, wadda ita ce tsarin CUPS na kwamfutocin Apple da Linux ya ginu a kanta tun da daɗewa. A Windows 11 ta 2024 kuma ta ƙara wani yanayi na bugu mai kariya wanda, idan an kunna shi, ba ya karɓar direban waje ko ɗaya.

Wannan tafarki daidai ne, amma nauyinsa zai faɗa a kan ofisoshin da suke riƙe da tsofaffin na'urori masu ƙarko, waɗanda aka saya da tsada kuma har yanzu suna bugu tsaf, sai dai ba su jin IPP kuma kamfanoninsu sun daina sabunta musu direba. Irin waɗannan ofisoshi, hanyar da ta fi musu ita ce su rataya tsohuwar firinta a kan kwamfuta guda da aka killace direbanta, su bar firinta ta dindindin a kwamfutocin ma'aikata ta zama ta PDF, a riƙa zaɓar ta takarda a lokacin bugu kawai. Ranar da kuma za a sayi sabuwa, ya kamata mai sayayya ya tambayi dillali, kafin ya tambayi farashin tawada, ko na'urar tana da shaidar Mopria ko AirPrint, domin wadda take da su tana iya bugu ba tare da an shigar da direban kamfaninta cikin kwamfutar kowa ba.